Wace mazhaba ce ke da gaskiya a ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa?

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen kimiyyar siyasa, kuma wannan zangon muna ɗaukar kwas ɗin ra'o'in hulɗar ƙasa da ƙasa. An jera mana riyalizim, libaralizim, kwanstiraktibizim, ra'ayin Markisanci da sauransu. Na haddace sunaye da shekaru, amma duk sun cakuɗe mini, kowanne na karanta sai in ga kamar shi ke da gaskiya. Wanne ne daidai, kuma yaya zan karanta su har su zauna?

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ɗalibin da ya karanta Morgenthau ya gyaɗa kai, ya karanta Keohane ya sake gyaɗawa, ba shi ke tayar mini da hankali ba. Wanda ke damuna shi ne mai haddace handawut ya shiga ɗakin jarrabawa ya zuba, ya fito bai san cewa mutanen nan gardama suke yi da juna ba. Gardama ce kuwa, mai zafi, kuma a kan abu guda take.

In maƙwabcinka ya ci maka iyakar gona, akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai alƙali, akwai ɗan sandan da zai tilasta hukunci. Tsakanin ƙasashe babu wannan. Ƙasashe 193 ne a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ba wata hukuma a bisa kansu mai sojan kanta da za ta kamo wadda ta yi laifi. Majalisar ma aron soja take yi a hannun ƙasashen, Kwamitin Sulhunta kuma ba ya motsi muddin ɗaya daga cikin manyan nan biyar ta hau kujerar na-ƙi. To, tunda ba mai raba faɗa, me ƙasashe za su yi, kuma me ya sa wani lokaci suke yaƙi, wani lokaci suke zaman lafiya? Kowace mazhaba da aka jera maka amsarta ce ga wannan tambayar. In ka riƙe tambayar, sunayen za su daina cakuɗewa.

Fannin kansa yaro ne. Kujerar farfesa ta farko da aka ware masa an kafa ta ne a 1919 a Aberystwyth da ke yankin Wales na Birtaniya, da kuɗin wani attajiri, David Davies, aka sa mata sunan shugaban Amurka Woodrow Wilson. Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba, mutanen zamanin kuma sun yi imanin cewa in aka kafa majalisa, aka rubuta doka, aka daina ƙulla yarjejeniya a ɓoye, an gama da yaƙi. Aka kafa majalisar ƙasashe ta farko a 1920, da mazauninta a Geneva. Amurkar da ta kawo shawarar ba ta shiga ba, dattawanta suka ƙi. Japan ta mamaye Manchuria a 1931, aka tsaya aika kwamitin bincike. Italiya ta afka wa Habasha a 1935, alhali Habasha mamba ce. Sarki Haile Selassie ya je Geneva da ƙafarsa a 1936 ya kai kuka, suka saurare shi, ba a rufa wata guda ba suka ɗage wa Italiya takunkumin da suka sa mata, wanda dama bai taɓa man fetur ba. A 1939 E. H. Carr, wanda shi ne ke zaune a kan waccan kujerar ta Wilson, ya fitar da littafin da ya yi wa masu wannan buri kaca-kaca. Ya ce duk maganar da ake yi ta cewa maslahar ƙasashe ɗaya ce, magana ce ta waɗanda suka riga suka ƙoshi, suna so a bar duniya yadda take.

Daga nan riyalizim ya kama gari, wato mazhabar masu cewa ƙarfi ke magana. Hans Morgenthau, Bayahuden Jamus da ya gudo wa 'yan Nazi ya zauna a Amurka, shi ya tsara ta a littafinsa na 1948. A wajensa son mulki a jinin ɗan Adam yake, ƙasa kuma ba ta da abin bi sai maslaharta, maslahar kuma da ƙarfi ake auna ta. Kenneth Waltz ya zo a 1979 ya ce a bar zancen halin mutum. Ko waliyyai ka ɗora a kan mulki, muddin ba mai kare su in an kawo musu hari, dole su tanadi makami. Nan fa ake shiga tarko: abin da ka saya don tsaron kanka, maƙwabcinka barazana yake ganinsa, sai shi ma ya saya, ku wayi gari kowa ya ƙara makami ba wanda ya ƙara aminci. Indiya ta gwada makaman nukiliya a watan Mayun 1998, kafin watan ya ƙare Pakistan ta gwada nata. Bambancin Morgenthau da Waltz ke nan, kuma tambaya ce da malamai ke son yi: ɗaya a zuciyar mutum ya ga tushen rikici, ɗaya a tsarin da ƙasashe suka tsinci kansu ciki. Su ma almajiran Waltz sun rabu. Shi yana ganin ƙasa ta nemi ƙarfin da zai ishe ta tsaro ta tsaya, domin in ta zarce sauran za su haɗe mata kai. John Mearsheimer, a littafinsa na 2001, ya ce babbar ƙasa ba ta ƙoshi sai ta zama ba mai ja da ita a yankinta.

Za a kai ku baya zuwa Thucydides, marubucin tarihin yaƙin Atina da Sparta. A shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa, jakadun Atina suka sauka a ɗan tsibirin Melos suka ce ko a miƙa wuya ko a hallaka. Mutanen Melos suka kawo zancen adalci, aka amsa musu cewa adalci tsakanin tsara yake, mai ƙarfi yana yin abin da ya iya, mai rauni kuma ya haƙura da abin da ya same shi. Suka ƙi, aka kashe mazansu, aka bautar da mata da yara. Ɗalibai na son wannan jumla ƙwarai, amma kaɗan ne ke juya shafi. Shekara guda bayan haka Atina ta kwashi rundunarta ta tafi cin Sisili, rundunar ta hallaka a can, a ƙarshe kuma Atina ce ta sha kashi a yaƙin. Thucydides bai jera labaran biyu kusa da juna a banza ba. Ka kuma cire wa ranka cewa 'yan wannan mazhaba masoya yaƙi ne. Morgenthau ya soki yaƙin Amurka a Vietnam a bainar jama'a, Mearsheimer da Stephen Walt kuma sun yi rubutu suna adawa da mamayar Iraƙi tun kafin a fara ta a 2003. Hujjarsu ita ce yaƙin bai da riba ga Amurka, ba tausayi ba.

Libaralizim bai musanta cewa ba sarki a bisa ƙasashe ba. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne cewa hakan na nufin dole a zauna cikin zargi har abada. Tushensa na komawa ga ɗan littafin Immanuel Kant na 1795 kan dawwamammen zaman lafiya, kuma a kan abu uku yake tsaye: ciniki, mulkin dimokuraɗiyya, da hukumomin da ƙasashe suka kafa tare. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce Faransa da Jamus. Sun gwabza a 1870, sun sake a 1914, sun kuma a 1939. A 1951 aka haɗa kwal da ƙarfensu, kayan ƙera makami ke nan, ƙarƙashin hukuma guda tare da wasu ƙasashe huɗu, daga nan Tarayyar Turai ta tsiro, yau kuma ba wanda ke kwana da tsoron tankokin Jamus a Paris. Robert Keohane a 1984 ya kawo bayanin da ya fi gamsar da ni. Ya ce abin da ke hana ƙasashe haɗa kai tsoron cuta ne, hukumomi kuma suna rage wannan tsoron, domin suna tona wanda ya saɓa alkawari, suna kuma sa a riƙa haɗuwa yau da gobe, ta yadda cutar yau za ta jawo maka asarar gobe. 'Yan riyalizim suka amsa cewa ƙasa ba ta tambayar ko ta ci riba kawai, tambayarta ita ce wa ya fi cin riba, don abokin cinikin yau na iya zama abokin gaban gobe. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Sukan tuna maka cewa Birtaniya da Jamus manyan abokan ciniki ne a 1914, cinikin kuma bai hana komai ba.

Misalin da nake so ka riƙe yana kusa da gida. Najeriya ta fi Kamaru yawan jama'a, ta fi ta soja, ta fi ta kuɗi, kuma sojojinta na zaune a Bakassi. Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoban 2002 cewa yankin na Kamaru ne. Obasanjo da Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙa yankin a watan Agustan 2008 zamanin 'Yar'aduwa, duk da surutun da aka yi ta yi a gida. In ƙarfi kaɗai ke magana, me ya sa babba ya bar wa ƙarami? Ɗan riyalizim zai ce ka dubi waɗanda suka tsaya shaida, Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus, ka kuma tuna cewa a shekarun ne Najeriya ke neman a yafe mata bashi, wanda ta samu a 2005. Amsa ce mai ma'ana, amma ka lura ta riga ta yarda cewa mutunci da kiyaye doka na da farashi, wanda shi ne abin da Keohane ke faɗi tun farko.

Yanzu bari mu ɗauki abu guda mu gwada su a kai, don haka ake koyon su. Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun tsaron fadar shugaban Nijar suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS, wato CEDEAO, suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka ƙaƙaba takunkumi, suka ba da wa'adin mako guda ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Zuwa nan libaralizim ke da bayani: akwai ƙungiya, akwai yarjejeniyar 2001 da ta haramta hawa mulki ta hanyar da ta saɓa wa tsarin mulki, ƙungiyar kuma ta tashi kare dokarta. Ta ma taɓa yi ta yi nasara. A watan Janairun 2017 Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓe, dakarun ƙungiyar suka tsallaka Gambiya daga Senegal, cikin 'yan kwanaki ya hau jirgi ya bar ƙasar.

To me ya sa abin da ya yiwu a Banjul ya gagara a Yamai? Nan riyalizim zai miƙe. Gambiya 'yar siririyar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, sojanta kaɗan ne, ba mai tsaya mata. Nijar faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, sojanta ya goge a yaƙi da 'yan ta'adda, Mali da Burkina Faso kuma suka fito suka ce duk wanda ya taɓa Nijar su ya taɓa. Wannan shi ne daidaita ƙarfin da Waltz ke magana a kai, raunana sun haɗa kai don kada a ci su ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumba ƙasashen uku suka kafa ƙawancen Sahel da ake kira AES, a Janairun 2024 suka sanar da ficewa daga ECOWAS, a Fabrairu ƙungiyar ta ɗage takunkumin alhali Bazoum na tsare. Doka ɗaya ce a wuraren biyu, ma'aunin ƙarfi ne ya bambanta.

Amma akwai abin da bayanin nan ya tsallake. In lissafin tankoki da jirage ne, Najeriya ta fi Nijar nesa ba kusa ba. Abin da ya fara karya maganar yaƙin daga cikin Najeriya ya fito. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda ba, Majalisar Dattawa a ranar 5 ga Agusta ta ce a bi hanyar sulhu. A masallatai da gidajen rediyo daga Sakkwato zuwa Maiduguri magana ɗaya ake yi: da wa za a yi yaƙin? Jihohi bakwai ke iyaka da Nijar. Mutumin Jibiya da na Maraɗi, na Illela da na Ƙonni, na Daura da na Damagaram, dangi ne, surukai ne, kasuwarsu ɗaya. Tawagar farko da ECOWAS ta aika ba ta samu ganin Tiani ba, amma Muhammadu Sanusi na Biyu ya gan shi, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ma ta gan shi. Ba ɗaya daga cikinsu da ke da bataliya.

Wannan shi ne filin kwanstiraktibizim, mazhabar masu cewa ƙasashe da fahimtarsu suke gina duniyar da suke ciki. Sunan ya fito ne daga Nicholas Onuf a 1989, amma maƙalar Alexander Wendt ta 1992 ce ta yaɗa ta. Wendt ya ce rashin sarki a bisa ƙasashe bai tilasta komai da kansa, abin da ƙasashe suka mai da shi shi yake zama. Misalinsa sananne ne: makaman nukiliya 500 a hannun Birtaniya ba sa hana Amurka barci kamar guda 5 a hannun Koriya ta Arewa. Ƙarfen ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wa ake ɗauka aboki, wa ake ɗauka maƙiyi. Riyalizim na ɗaukar maslahar ƙasa kamar abin da aka haife ta da shi. Wendt ya ce kafin ka san abin da kake so, sai ka san ko kai wane ne. Mazhabar ta samu karɓuwa ne don manyan biyun, riyalizim da libaralizim, sun ji kunya a ƙarshen Yaƙin Cacar Baka. Katangar Berlin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991 da makamanta cike da rumbu, ba wanda ya ci ta da yaƙi. Gorbachev da mutanensa ne suka sauya yadda suke kallon Yamma.

In kana son ganin irin wannan a tarihinmu, ka nemi wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadi, waɗanda Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri. Al-Kanemi na tambaya da wace hujja ake yaƙar Borno alhali mutanenta Musulmi ne, Bello na amsawa. Dauloli biyu ne masu dawakai da masu, amma gardamar tasu a kan wane ne wane take, da abin da ke halatta yaƙi. Ba a Turai aka fara tunanin waɗannan abubuwa ba, ko da yake manhajarku daga can aka ɗauko ta. Raunin mazhabar kuwa, ta fi iya bayanin abin da ya riga ya faru. Tambaye ta abin da zai faru baɗi, sai ta ce ya danganta.

Saura mazhabar da ta fi farin jini a jami'o'inmu, kuma a kanta zan ja maka kunne. Masu bin Marx da magadansu sun ce duk waɗancan suna kallon tutoci ne, alhali abin dubawa shi ne wa ke da jari, wa ke haƙo ɗanyen kaya, wa ke sarrafawa ya sayar. A wajensu duniya kashin dankali ce, manya a sama, ƙanana a danne, kuma talaucin na ƙasa da arzikin na sama abu guda ne. Raul Prebisch na Ajantina ya nuna tun 1950 yadda farashin ɗanyen kaya ke ja baya in an gwada da na kayan masana'anta. Kwame Nkrumah ya rubuta littafi kan sabon mulkin mallaka a 1965, Walter Rodney ya rubuta nasa kan yadda Turai ta durƙusar da Afirka a 1972 yana koyarwa a Darussalam, ga Samir Amin a Dakar, ga Immanuel Wallerstein da ya raba ƙasashen duniya zuwa na cibiya da na gefe, a gida kuma ga Claude Ake da Yusufu Bala Usman na Zariya. Ka mai da wannan kan Nijar ka ga yadda yake haskawa. Daga farkon shekarun 1970 har zuwa 2024 kamfanin Faransa ya yi ta haƙar yuraniyom a Arlit, yuraniyom ɗin na kunna fitilu a Turai, ƙasar da aka haƙo shi kuma mafi yawan mutanenta ba su da lantarki, wanda ake da shi ma kafin juyin mulkin 2023 akasarinsa daga Najeriya ake sayowa. Kuɗin sefa an ƙirƙiro shi a 1945, a ɗaure yake da yuro, kuma har zuwa gyaran da aka sanar a ƙarshen 2019 ƙasashen yankin na ajiye rabin kuɗaɗensu na waje a baitulmalin Faransa. In ba ka san wannan ba, ba za ka gane dalilin da ya sa dubban mutane suka cika titunan Yamai suna cewa Faransa ta fita ba, har sojojinta kusan 1,500 suka tattara kafin ƙarshen 2023, na Amurka ma suka bar Agadas a 2024.

Jan kunnen shi ne, mazhabar na da daɗin da ke sa lalaci. Duk tambayar da aka yi, amsa ɗaya: Turawa ne. Na sha duba takardar da aka tambayi ɗalibi dalilin rikicin iyaka tsakanin ƙasashen Afirka biyu, ya cika shafi huɗu da taron Berlin na 1884 da cinikin bayi, bai ambaci shugaba ko ɗaya na ƙasashen biyu ba, bai faɗi abin da ke cikin yankin da ake rigima a kai ba. Mazhabar da ke amsa kowace tambaya da abu guda ta daina bayani. Tana kuma da tambayoyin da ke ba ta wuya. Koriya ta Kudu an yi mata mulkin mallaka, yaƙi ya daidaita ta, a farkon shekarun 1960 da Gana ake jera ta wajen talauci, ta kuma fita ne ta hanyar sayar wa kasuwannin Yamma kaya, ba ta hanyar yanke hulɗa da su ba. Ƙasashen AES ɗin ma sun fice daga ECOWAS da sefa a aljihunsu.

Akwai wasu da za ka ci karo da su. Mazhabar Ingila, wadda Hedley Bull ya fi tsarawa a 1977, ta tsaya a tsakiya: ba sarki, amma akwai al'ada da ƙasashe ke kiyayewa, kamar rashin taɓa jakada da girmama iyaka. Shawarar da shugabannin Afirka suka yanke a Alƙahira a 1964 ta barin iyakokin mulkin mallaka yadda suke misali ne mai kyau. Masu nazarin jinsi, irin su Cynthia Enloe da Ann Tickner, tambayarsu ita ce tsaron wa ake nufi in an ce tsaron ƙasa. Kada ka raina ta. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar, ba janar ko ɗaya da ya rasa abinci, mai ƙosai da mai jinyar yaro ne suka ji a jikinsu.

Ka tambaye ni wanne ne daidai, ba zan kauce ba. In maganar yaƙi ce tsakanin manyan ƙasashe, da riyalizim nake farawa, don shi ya fi rashin ba ni kunya. A 1994 Yukren ta amince ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada bisa alkawarin da Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa wa hannu a Budapest na girmama iyakarta, Mearsheimer kuma tun 1993 ya rubuta cewa kada ta miƙa. Ka san abin da ya biyo baya a 2014 da 2022. Amma mafi yawan abin da ke gudana tsakanin ƙasashe ba yaƙi ba ne. Jirgin alhazai na ratsa samaniyar ƙasashe da dama ya sauka Jidda, ɗan kasuwa na shiga Kwatano ba biza albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wannan duk aikin hukumomi ne, libaralizim ne ke da bayaninsa. A Afirka kuma riyalizim ɗin Waltz na yawan tuntuɓe, don ya ɗauka kowace ƙasa dunƙulalliya ce mai tsoron maƙwabta, alhali shugabanninmu da yawa barikin da ke bayan fadarsu suka fi tsoro. Mohammed Ayoob ya yi rubutu mai kyau a kan wannan. Bazoum dai ba daga waje aka zo masa ba.

Game da karatu, ka rage dogaro da handawut. Muhawarar Melos 'yan shafuka ce, karanta ta da kanka. Maƙalar Wendt ta 1992 na da nauyi, amma rabinta na farko ya ishe ka a wannan matakin. Littafin Waltz na 1959 ya fi na 1979 sauƙi, kuma zai ba ka abin da zai yi maka amfani a kowace jarrabawa: in abu ya faru, ka nemi dalilinsa a wuri uku, a halin shugaba, a cikin gidan ƙasar, da kuma a tsarin duniya. Ga kowace mazhaba ka iya amsa abu huɗu da bakinka ba da na littafi ba: su wa take ɗauka 'yan wasa, me take cewa suna nema, wane lamari ne ta fi iya bayani, wanne ne ya ba ta kunya. Sannan ku sami abokai uku ko huɗu, ku ɗauki labari guda daga rediyo, rikicin Sudan ko dam ɗin Habasha a kan kogin Nilu, kowa ya kare mazhabar da aka ba shi, mako mai zuwa ku yi musaya. Wadda ba ka so ita za ka fi dagewa ka kare, don ba ka san mazhaba ba sai ka iya faɗinta yadda mai ita zai ce haka ne.

A jarrabawa, in an ce ka tattauna wani lamari ta fuskar riyalizim, kada ka jera ƙa'idoji shida na Morgenthau ka ajiye biro. Wannan rabin maki ne in malamin na da kirki. Faɗi abin da mazhabar ke hasashen zai faru, kawo abin da ya faru da shekara da suna, nuna inda suka dace, sannan ka nuna inda suka saɓa da wadda ta fi bayani a wurin. Haka ma in ka kai aji huɗu ka zo rubuta kundin digiri. Abin da aka saba shi ne a zaɓi ra'i a babi na biyu, a yi masa shafi uku, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa har babi na biyar. Kai ka zaɓi wanda zai gaya maka abin da za ka je ka nema. In ka ce riyalizim ne, to babi na huɗu ya nuna mana soja da kuɗi da ƙawance. In kwanstiraktibizim ne, ya nuna mana jawabai da sanarwoyi da yadda ɓangarorin ke kiran juna. In kuma abin da ka tarar ya saɓa wa ra'in da ka ɗauka, rubuta hakan ƙarara a babi na biyar, ka faɗi inda ya gaza da dalilin da kake gani.